Ajin Manya da Zagayen Shekarar Ikilisiya: Littafin Aiki na 2024 zuwa 2025

1 ga Disamba, 2024

Yau, Lahadi ta farko ta Lokacin Zuwan Almasihu, wato makonnin shirin Kirsimeti da shekarar Ikilisiya ke farawa da su, muka soma aikin da kwamitin majami'armu ya amince da shi tun bayan girbin gero, wato mu koyar da ajin manya masu neman baftisma ta hanyar bin shekarar Ikilisiya daga farkonta har ƙarshenta, ba tare da mun tsaya ga haddar tambaya da amsa kaɗai ba. Majami'armu ƙaramin reshe ce a wani ƙauye na kudancin jihar Katsina, ƙarƙashin Dayosis na Katsina wanda aka yanko daga na Sakkwato a 2023, aka kuma ba Bishop Gerald Musa riƙonsa. Fada, wato firist ɗinmu, yana da rassa da yawa a wuyansa, saboda haka ba kowace Lahadi muke samun Hadayar Mas ba. Sauran Lahadin ni ne, a matsayina na katakis, wato malamin koyar da addini, nake jagorantar sujadar Maganar Allah.

Abin da ya jawo aikin shi ne yadda Lahadi ta zama iri ɗaya a idon jama'armu. Wanda ke zaune a babban gari yana ganin rigar Fada tana sauya launi, yana jin waƙoƙi suna sauyawa, sai ya san inda aka kwana ko da ba a gaya masa ba. A nan kuwa farin ƙyalle ɗaya ne a kan bagade tun daga Janairu har Disamba, kuma yawancin 'yan ajin ba sa karatu, balle su duba kalanda. Mun raba aikin gida uku. Matasa za su zana babban da'ira a bangon gabas su raba shi bisa lokutan shekara, Zumuntar Mata Katolika za su ɗinka ƙyallayen bagade na shunayya da kore da ja, ni kuma zan ɗauko darasin kowane mako daga karatun Lahadin da muke ciki. Bana shekarar Bishara ta Luka ce, ta uku cikin zagayen shekaru uku na karatun Lahadi.

Ƙyallen shunayya ne kaɗai ya samu zuwa yau, shi muka shimfiɗa.

15 ga Disamba, 2024

An gama zanen bango, ko da yake fentin shunayya bai samu a kasuwa ba, sai da matasan suka gauraya ja da shuɗi. Sun buga ƙusa a tsakiyar da'irar suka rataya wata 'yar sanda mai nuni, wadda wani daga cikin 'yan ajin zai riƙa matsarwa kowace Lahadi kafin a fara addu'a.

Kambin ganye mai kyandir huɗu, wanda ake ƙara kunna kyandir ɗaya a kansa kowace Lahadi kafin Kirsimeti, ya ba mu aiki fiye da yadda na zata. A ƙasashen da al'adar ta fito ana yin sa da ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa a lokacin sanyi, mu kuwa da ganyen darbejiya muka yi namu, kuma iskar hunturu ba ta bar shi ya kai Laraba ba sai da ya bushe ya murƙushe. Yanzu yara ne ke yanko sabo kowace Asabar da yamma. Ban ga aibin haka ba, domin yaran da ke saƙa kambin su ne suka fi kowa sanin kyandir nawa suka rage kafin Kirsimeti.

Karatun yau daga Luka sura 3 ne, inda taro da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, kowa yana tambayar abin da ya kamata ya yi. Amsoshin da ya ba su babu wani abu mai nisa a cikinsu: mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka yanka, soja kada ya yi ƙwace, ya kuma gamsu da albashinsa. Na tambayi ajin abin da Yohanna zai ce wa manomi da ke tsakiyar yankan dawa. Wata dattijuwa ta ce, "Malam, zai ce kada ya auna wa ɗan ƙodago da ƙaramin kwano, ya sayar da babba." Ban ƙara komai a kan maganarta ba.

12 ga Janairu, 2025

Da bikin Baftismar Ubangiji yau Lokacin Kirsimeti ya ƙare. Fada ya zo mana a Lahadin Iyali Mai Tsarki, 29 ga Disamba, ya kuma yi bayanin Shekarar Jubili, shekara ta musamman ta gafara, wadda Paparoma Francis ya buɗe a daren 24 ga Disamba da buɗe Ƙofa Mai Tsarki a majami'ar Bitrus a Roma. Ajin ya ragu sosai, domin samari sun tafi cin rani bayan an gama sussuka, wasu Kano, wasu Abuja, wasu har kudu. Na roƙi kowannensu ya nemi majami'ar Katolika mafi kusa da inda ya sauka, ya kuma kula da launin da zai gani a jikin Fada, mu ji daga bakinsa idan ya dawo.

26 ga Janairu, 2025

Mun shimfiɗa koren ƙyalle tun makon jiya. Yau Lahadin Maganar Allah ce, wadda Paparoma Francis ya kafa a 2019 a kan Lahadi ta uku ta wannan koren lokaci na yau da kullum, kuma karatun farko daga Nehemiya sura 8 ya yi daidai da halinmu: Ezra yana karanta Doka tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna bayyana ma'ana domin jama'a su gane, jama'a kuma suna kuka. A Bishara Yesu ya karanta littafin Ishaya a majami'ar Nazarat ya yi shelar shekarar alherin Ubangiji, sai na yi amfani da wannan na koma Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ila su mayar wa kowa gonarsa ta gado a shekara ta hamsin, su kuma saki 'yan'uwansu da talauci ya sa suka sayar da kansu. A ƙauyen da rabin rigingimunsa na jinginar gona ne, wannan sura ba ta bukatar dogon sharhi, kuma muhawarar da ta tayar ta ci mana lokacin haddar Dokoki Goma baki ɗaya.

A nan ne wani dattijo, wanda ya fi kowa zuwa aji a kan lokaci, ya tsaya bayan an watse ya tambaye ni matsayinsa. Matansa biyu ne, ya aure su bisa al'ada tun kafin ya san hanyar majami'a, kuma kowace tana da 'ya'ya manya. Na gaya masa abin da dokar Ikilisiya ta ce, cewa wanda zai karɓi baftisma da mace ɗaya zai zauna a matsayin matar aure, tare da wajibin kula da bukatun ɗayar bisa adalci da ƙauna. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce, "To Malam, wace ce zan ce wa ba ke ba?" Na ce masa, "Baba, wannan magana ta fi ƙarfina, sai Fada ya zo." Na rubuta wa Fada a daren nan.

5 ga Maris, 2025

Larabar Toka. Jiya da yamma muka tattara busasshen ganyen dabino na bara daga gidaje, wanda mutane ke soke wa a jikin azara ko bayan hoto, muka ƙone shi a cikin kasko, muka tankaɗe tokar da rariya, aka kai wa Fada ya sa mata albarka aka dawo mana da ita. Na so 'yan ajin su ga ƙonawar da idonsu, su san cewa ganyen da aka ɗaga ana Hosanna shi ne tokar da ake shafa wa goshi ana tuna wa mutum cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya kuma zai koma.

Bana azuminmu ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suka ɗauki Ramadan tun ranar Asabar, 1 ga Maris, kuma da yawa daga cikin 'yan ajin suna da 'yan'uwa na jini a cikinsu. Saboda haka tambayar da ta mamaye darasin ita ce ko namu azumi ne na gaske. Na faɗi ƙa'idar yadda take, ban ƙara mata gishiri ba. Ranaku biyu ne azumi ya zama dole, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Ubangiji, a kan wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba; ana cin cikakken abinci sau ɗaya, ana iya taɓa ɗan abu sau biyu, ba a kuma hana ruwa ba. Ƙaurace wa nama yana hawa kan mutum daga shekara 14. Wani matashi ya yi dariya ya ce a gidansu nama sai Kirsimeti, saboda haka shi ya daɗe da cika wannan doka.

Dariyar tasa tana da gaskiya a cikinta, kuma ina ganin katakis da ya wuce ta bai yi wa ajinsa adalci ba. Dokar ta faɗi mafi ƙarancin abin da ake nema ne, kuma an rubuta ta domin dukan duniya, har da wuraren da nama yake a tukunya kullum. Bisharar ranar, Matiyu sura 6, ta jera sadaka da addu'a da azumi tare, ta kuma ce a yi su a ɓoye. Muka yarda kowa ya zaɓi abin da barinsa zai yi masa zafi da gaske, ko goro, ko taba, ko burkutu, ko shayin safe, ya riƙa ajiye kuɗinsa a gefe har Ista, a haɗa a saya wa gwauraye hatsi kafin farashi ya tashi da damina. Ban yarda a mayar da abin gasa da maƙwabta ba, domin na san wasu za su so su wuni ba ruwa don kada a ce sun gaza, kuma wannan shi ne ainihin abin da surar ta hana.

30 ga Maris, 2025

Fada ya tantance waɗanda suka shirya, an kuma rubuta sunayensu a Lahadi ta farko ta Azumi. Tun daga nan muke yin Hanyar Gicciye kowace Juma'a da la'asar, tashoshi goma sha huɗu a kewayen majami'a, cikin zafin bazara da ya sa ƙasa ba ta durƙusuwa sai an shimfiɗa buhu. Domin zaɓaɓɓun, Ikilisiya ta tanadi karatu uku daga Bishara ta Yohanna a Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar: Basamariya a bakin rijiya, mutumin da aka haifa makaho, da tashin Li'azaru. Labarin rijiya ya shiga matan fiye da kowane darasi da na taɓa bayarwa, domin a wannan wata rijiyarmu ta yi ƙasa, kuma sun san mece ce ke sa mace ta zaɓi zuwa ɗiban ruwa da tsakar rana lokacin da sauran mata ba sa nan.

An miƙa musu Shaidar Bangaskiya da baki, kamar yadda tsarin ya tanada, suna maimaitawa har ta zauna. Na gaya musu cewa bana shekara 1700 ke nan da taron shugabannin Ikilisiya da aka yi a Nikiya a 325, inda aka tsara tushen doguwar shaidar da muke faɗa ranar Lahadi. Yau kuma Ƙaramar Salla ce, an aiko mana da tuwo da waina daga gidajen maƙwabta kamar kowace shekara, sai muka taƙaita aji domin mutane su je barka da salla.

Fada ya zauna da dattijon nan da matansa biyu. Ba a rubuta sunansa bana ba, amma bai daina zuwa ba.

21 ga Afrilu, 2025

Saboda halin tsaro a hanyoyinmu, babu mai tafiyar dare, don haka muka tashi zuwa babbar majami'ar farish, wato uwar rassanmu, tun da hantsin Asabar, da tabarmi da tukwane, muka kwana can. Ƙa'ida ita ce kada a fara Tsaron Daren Ista, wato sujadar raya daren jajibirin Ista, sai duhu ya shiga, a kuma gama kafin wayewar gari, kuma Fada ya fara da zarar duhun ya sauka.

An kashe kowace fitila, aka hura wuta da kara a filin majami'a. Fada ya zana gicciye a jikin babban kyandir, da haruffan Alfa da Omega, da lambobin 2025, ya soka ƙwayoyin turare biyar domin raunukan Almasihu, sannan ya kunna shi daga sabuwar wutar. Iska ta yi ta kashe ƙananan kyandirorin jama'a, kowa yana kare nasa da tafin hannu yana juyawa wurin na kusa da shi ya sake kunnawa, har muka shiga ciki. An yi karatun Tsohon Alkawari tun daga halittar duniya, da hadayar Ibrahim, da ƙetare Bahar Maliya a Fitowa sura 14, wanda ba a taɓa tsallake shi ko da an rage sauran. Na lura 'yan ajinmu suna gane labaran tun kafin mai karatu ya yi nisa, suna taɓa juna. Da aka ta da Halleluya, wadda ba mu rera ba tun Larabar Toka, matan suka rangaɗa guɗa, ganguna suka ɗauka. Bayan haka aka yi musu baftisma, aka shafa musu man tabbatarwa, suka karɓi Jibin Ubangiji a karo na farko cikin fararen tufafi.

Yau da hantsi, muna tsakiyar raba hatsin da kuɗin azumi ya saya, rediyo ya ba da labarin rasuwar Paparoma Francis, wanda jiya jiya ya fito ya sa wa jama'a albarkar Ista a dandalin Bitrus. Muka ajiye mudu muka yi masa addu'a.

8 ga Yuni, 2025

Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki, cikar kwana hamsin na Ista, kuma karo na farko da jan ƙyallenmu ya hau bagade a ƙauye. A cikin waɗannan makonni darasin sababbin masu baftisma ya koma bayanin abin da suka riga suka karɓa, ruwa da mai da gurasa, tare da karatun Ayyukan Manzanni. Ranar 8 ga Mayu aka zaɓi Paparoma Leo na 14, haifaffen Chicago wanda ya yi shekaru yana aiki a Peru, ɗan ƙungiyar Agustinawa waɗanda suka daɗe suna hidima a Adamawa da Barno, kuma gaisuwar salama da ya fara yi wa duniya ita ce wadda muka karanta daga bakin Yesu a Lahadin Toma, ta biyu ta Ista. Ranar 3 ga Yuni na ba su tarihin shahidan Uganda, Charles Lwanga da abokansa da aka ƙone a Namugongo a 1886, musamman yadda ya yi wa waɗansu masu koyo baftisma da hannunsa da ya ga mutuwa ta matso.

'Yan cin rani sun dawo da saukar ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya kawo rahoton launuka daidai, har da ruwan hoda da ya gani sau ɗaya a tsakiyar Azumi, ya kuma nemi a bayyana masa dalilinsa.

3 ga Agusta, 2025

Wannan shi ne lokaci mafi wuya tun da muka fara. Daga Fentikos zuwa ƙarshen Nuwamba sandar bango tana tafiya cikin kore ne kawai, babu toka, babu wuta, babu wani babban biki da ake ɗoki, kuma ya faɗo daidai lokacin da gona ba ta barin kowa ya huta: shuka, noman farko, maimai, zuba taki, huɗa. Ajin Laraba ya mutu da kansa. Waɗansu daga cikin waɗanda suka yi guɗa a daren Ista sun yi makonni ban gan su ba, kuma ba zan kira wannan ja da baya ba, domin na san ciyawa ba ta jiran kowa.

Kwamiti ya kawo shawarar a dakatar da aikin har kaka. Na ƙi, domin wannan koren lokaci makonni 33 ne ko 34 a shekara, ya fi sauran lokutan duka idan aka haɗa su, kuma idan kusantar Allah sai a lokacin biki take yiwuwa, to mafi yawan rayuwar manomi ta fita daga ciki. Abin da muka yi shi ne muka rage nauyin. Darasi ya koma bayan sujadar Lahadi, gajere, kuma kowane mako ana ɗaukar jimla ɗaya daga Bishara a haddace ta a tafi da ita gona. Mun kuma farfaɗo da addu'ar Mala'ikan Ubangiji ta tsakar rana: yaro yana buga tsohon ƙarfen taya da ke rataye a bishiyar majami'a, duk wanda ya ji a gonakin kusa sai ya dogara da fartanyarsa ya yi ta a tsaye. Ba kowa ke yi ba, amma a ranar gayya na ga layi guda na manoma sun tsaya tare.

Luka ya taimake mu a wannan damina, domin tun daga sura 9 yake bin Yesu a hanyarsa ta zuwa Urushalima yana jera misalai da labarai: Basamariye mai tausayi, Marta da Maryamu, aboki mai ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare. Na yau shi ne mai arzikin da gonarsa ta yi albarka har ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, aka kuwa karɓi ransa a daren. An karanta shi a watan da rumbuna suka yi ƙasa, marka tana zuba, masu ajiya suna jiran farashi ya ƙara hawa kafin su buɗe nasu. Majami'a ta yi tsit, domin kowa ya san gidajen da ake nufi, har da na waɗansu da ke zaune a bencin gaba.

26 ga Oktoba, 2025

Da aka yanke gero aka shigo da masara, mutane suka dawo. Watan Oktoba na Rozari ne, addu'ar da ake ja da carbi, sai muka riƙa zagaya gidaje da yamma maimakon taruwa a majami'a, kuma sababbin masu baftisma ne ke jan addu'ar. Gidan dattijon nan ma an je, matansa biyu suka shimfiɗa tabarmi suka zauna tare da mu. An sa godiyar kaka a tsakiyar Nuwamba, an kuma soma karɓar sunayen matattu domin addu'ar 2 ga Nuwamba, wadda bana ta faɗo ranar Lahadi. Waɗansu sun tambaya ko za su iya sa sunayen iyayensu da suka rasu a kan addinin gargajiya, na ce musu su sa, domin babu wanda Ikilisiya ta hana a roƙa wa jinƙan Allah.

23 ga Nuwamba, 2025

Bikin Almasihu Sarki, Lahadi ta ƙarshe ta shekarar Ikilisiya, wanda Paparoma Pius na 11 ya kafa a 1925, bana shekara 100 cif. A Nijeriya a wannan rana ake yin jerin gwanon Jikin Almasihu, domin ainihin bikinsa yana faɗowa cikin damina, saboda haka muka tafi farish muka bi sahu ta cikin gari, da ganguna da kayan ƙungiyoyi, 'yan mata suna watsa fure a gaban laima. Bisharar kuwa ta nuna Sarkin a kan gicciye ne tsakanin masu laifi biyu, ɗayansu yana roƙon a tuna da shi.

Da yamma kwamiti ya zauna. An yarda aikin ya ci gaba a shekarar Matiyu da za ta fara 30 ga Nuwamba, biyu daga cikin waɗanda aka yi wa baftisma a Ista za su taya ni riƙe sabon aji, za a kuma tsara gajeren darasin damina tun daga Mayu maimakon a jira aji ya watse. Damshi ya ɓare fentin bango ta ƙasa, daidai kan watannin Yuli da Agusta, kuma matasa sun ce za su gyara kafin su tafi cin rani. Rassa biyu na kusa sun aiko a ba su awon ƙyallayen bagade. Dattijon nan ya sake ba da sunansa a sabon ajin, kuma Fada ya sa masa ranar zama na biyu da iyalinsa, har da manyan 'ya'yansa, bayan an gama yankan dawa.